Yatsu Uku a Bangon Sukra

Maazou Inoussa ya shigo Sabha, wani birnin Larabawa a tsallaken hamada, a watan Oktoba na shekarar 2003, a saman wata babbar mota da ta taso daga Agadez ɗauke da raguna da mutane. Shekararsa talatin da bakwai a lokacin. Ya ce wa matarsa Ramatou shekara biyu zai yi ya dawo. Ya yi ashirin da 'yan watanni. Sau biyar ya leƙa gida a tsakani, kowace tafiya ya tarar yara sun ƙara tsawo, har autarsu Zoulaïhatou, wadda ya bari a goye, ta yi aure ta haihu.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Matamaye, a ƙasar Damagaram, kuma haƙar rijiya ce sana'ar gidansu tun kakanni. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Duk wanda ya yi musafaha da shi zai ji wani abu a hannunsa na dama: yatsan tsakiya ba shi da gaɓar ƙarshe. Igiyar da ake jawo ƙasa da ita daga cikin rijiya ce ta gutsure masa ita yana ɗan shekara goma sha shida. Shi kansa ya daɗe da mantawa da abin, sai in wani ya yi magana.

A Sabha ba a neman mai haƙa rijiya da hannu, inji ke yi. Abin da ya samu shi ne haƙar ramin bayan gida, wanda mutanen garin ke kira bayyara. A wasu layukan unguwar Sukra gidaje sun riga bututun ƙazanta zuwa, saboda haka kowa ya nemi mafita da kansa. Ba mai son ramin a tsakar gidansa, sai a haƙa shi a waje, a ƙarƙashin hanya. Maazou kan nutsa mita huɗu zuwa biyar, ya jera bulo a kewaye, ya zuba murfin siminti a sama, a maido da rairayi a rufe. Ba ƙofa, ba marufin ƙarfe, haka ake yi a wancan lokacin. In ramin ya gaji bayan wasu shekaru, sai mai gida ya sa a haƙa wani a gefe. Gidaje suka yi ta sauya hannu, tsofaffi suka mutu, yara suka gaje su. Hanya kuwa tana nan shimfiɗe, ba mai cewa akwai komai a ƙarƙashinta.

To, a gidan su Maazou akwai wata ƙa'ida da ake koya wa yaro tun kafin a ba shi diga. Ramin da mutum ya haƙa yana wuyansa har ranar da aka cike shi da ƙasa. In rijiya ta ƙafe aka rufe bakinta da itace, akuya ko mutum ya rufta, ba mai gona ake tambaya ba, wanda ya haƙa ake tambaya. Don haka mahaifinsa kan kafa dutse kusa da kowace rijiya ya yi masa zane uku, in an cike ta ya dawo ya ja layi guda a gicciye a kansu. A cikin gari babu halin kafa dutse a tsakiyar hanya, sai Maazou ya sauya salo. Duk ranar da ya gama rami, zai ɗebi ɗanyen siminti ya manna a bangon gidan daidai gwiwa, ya ja yatsunsa uku a ciki daga sama zuwa ƙasa. Daga wannan alama, taku uku miƙe zuwa cikin hanya, nan ne tsakiyar ramin. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ma'anarta, shi kuma bai ga abin bayani ba. A ganinsa abu ne da kowa ya sani.

A layin gidan burodi da ke Sukra ya haƙa rami goma sha bakwai, daga 2004 zuwa 2011. Daga nan aiki ya ja shi unguwar Hajara, daga baya kuma gonakin dabino na Ghuddwa, inda ya koma gina tankunan ruwa. Sai ya yi shekara bai bi ta layin ba, in ma ya bi, a bayan mota ne.

A farkon 2024 gwiwoyinsa suka ce sun gaji, shi ma bai yi musu gardama ba. Ya kama wuri a motar da za ta tashi zuwa Agadez ranar Alhamis, 29 ga Fabrairu, don ya kama azumi a gida. Ya gaya wa Ramatou ranar, ita kuma ta gaya wa dukan ƙauye.

Ranar Talata, 20 ga wata, yana cin shinkafa da wake da rana a rumfar da 'yan Nijar ke taruwa, sai ga abokinsa Hudaifa. Hudaifa Bakano ne mai aikin filasta da fenti, shekararsa arba'in da biyar, bakinsa ba ya hutawa. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa akwai wasa, kowa na cewa ɗan uwansa bawansa ne.

"Bawana, an ce za ka gudu ba ka nemi izinin ubangidanka ba," in ji Hudaifa, ya jawo benci ya sa hannu a kwanon.

"Cire hannunka, Bakano. Kai ko sallama ba ka yi ba."

"Sallamar me tsakanin mutum da kayansa? Kai, ka ga tsohon layinku na Sukra kuwa? Ba za ka gane shi ba. An binne bututu a tsakiya, an haɗa kowane gida. Za a zuba kwalta, a yi daɓen gefen hanya, a kafa fitilu, har da shuke-shuke. Mu kuma ranar Asabar za mu fara shafe bangayen da filasta daga farko har ƙarshe, a buga musu fenti iri ɗaya. Sai ka ce ba Sabha ba."

Maazou ya ajiye cokali. "Ramukan fa?"

"An cike su tuni. Duk inda aka ga marufin ƙarfe an buɗe an zuba ƙasa."

"Nawa ba su da marufi."

"To, naka sun huta ke nan."

"Gudron ɗin, kwaltar nan da ka ce, da me za a danne shi?"

"Da rola mana. Wata ƙatuwa, in ta wuce har haƙoranka sai sun kaɗa."

Maazou bai ƙara loma ba. Ya lissafa abin a ransa. Faɗin layin taku goma sha biyu ne. Masu bututu sun bi tsakiya, don haka ba su taɓa ramukansa ba. Amma rola ba tsakiya kaɗai za ta bi ba. Murfin simintin da ya zuba shekara ashirin da suka wuce an yi shi don ƙafar mutum da ƙaramar mota ne. Kuma in aka shafe bangayen ranar Asabar, shi kansa ba zai iya nuna wuraren ba, don ƙofofi sun sauya, an ɗora benaye. Zai hau mota ya bar rami goma sha bakwai a ɓoye ƙarƙashin mutane, da sunansa a kansu. Ya san ba zai iya hawa ba.

Washegari da safe ya tafi layin ya nemi mai kula da aikin. Aka nuna masa wani saurayi dogo mai suna Yousef, injiniyan kamfanin da aka ba aikin, haifaffen Sabha. Yana tsaye da takarda a shimfiɗe a kan bonet ɗin mota. Maazou ya gaishe shi da Larabcinsa na wurin aiki, ya yi masa bayani a hankali: ramuka, murfi, alama, taku uku.

Yousef mutum ne mai son jin sabon abu. Ya naɗe takardar ya ce, "Ya hajj, wannan zanen na yatsu kake nufi? Tun ina yaro nake ganinsa a gidan kawuna. Ashe aikinka ne? Nawa ka ce?"

"Goma sha bakwai, ya muhandis."

"Zo mu ƙirga."

Suka bi layin daga gidan burodi zuwa masallaci, suka dawo ta ɗaya gefen. Yousef na ƙirgawa da ƙarfi. Da suka wuce goma sha bakwai Maazou ya fara rage sauri. Arba'in da ɗaya suka samu.

"Ko ka manta wasu?" in ji Yousef.

Maazou bai taɓa manta rami ba, yana iya jero sunayen masu gidajen na da ɗaya bayan ɗaya. Amma ga alama a gabansa, daidai gwiwa, zane uku. Ya yi tunanin ko wani ɗan ƙasarsu ne ya biyo bayansa ya ɗauki salon. In haka ne, duk da haka akwai rami. Ya ce, "Duk inda ka ga alama, haƙa. Za ka samu."

Yousef ya zaɓi ɗaya kusa da shagon mai gyaran waya, ya kira ma'aikata biyu da shebur. Maazou ya auna taku uku. Suka haƙa har ƙugu, ba komai sai rairayi da tsohon takalmi. Ya zaɓi wata. Suka haƙa har ƙirji, sai dutse. Rana ta take, mutanen layi sun taru suna kallo, wani ya ce ko taska tsohon ke nema. Yousef bai yi faɗa ba. Ya duba agogo, ya dafa kafaɗar Maazou ya ce, "Ya hajj, na ba ka safiya guda, ba ni da wata. Ranar Asabar masu filasta za su fara. Allah ya kai ka gida lafiya."

Kunya ta kama Maazou, amma mamaki ya fi kunyar yawa. Wa zai yi alamar rami inda babu rami? Me zai samu? Ya yini yana jujjuya tambayar.

Ranar Alhamis da hantsi ya koma layin shi kaɗai, yana tafe yana duban gindin bango kamar wanda ya yar da mabuɗi. A ƙofar wani gida mai koren garaji wata tsohuwa na zaune a kujerar roba tana tsince dabino a faranti. Ta ƙura masa ido, can ta ce, "Kai ba Maazou ba ne?"

Hajja Ilham ce, matar marigayin da ya fara ba shi aiki a layin. Suka gaisa, ta tambayi iyalinsa, ta sa aka kawo masa shayi, ta ce ya tsufa. Sannan ta ce, "Jiya na ji an ce kana neman hannunka. Allah ya yi maka albarka da wannan hannu, ya Maazou. Shekara ashirin yana tsare mana gida."

"Yana tsare me, Hajja?"

"Gida mana! Ka manta shekarar da aka yi ruwan nan, bangon maƙwabta ya tsage namu ko gezau? Shekarar ce kuma ɗana ya samu aiki, ƙanwarsa ta haifi tagwaye. Na ce wa mata, ku duba abin da mutumin Nijar ya bar mana a bango. Namu hannun da muke ratayawa don maganin mugun ido yatsa biyar ne, nasu na can uku ne, kuma kun ga aikinsa. Daga nan duk wadda za a yi wa gyaran bango sai ta ce wa magini ya sa mata. Ni na koya musu inda ake sawa, daidai gwiwa."

Maazou ya riƙe kofin shayi ya kasa kaiwa baki. "Hajja, ba tsari ba ne. Alamar masai ce."

Ta dube shi kamar bai iya Larabci ba. Ya sake faɗa, ya ƙara bayani. Ta jefa ƙwallon dabino a gefe, sannan ta ce, "To, ko ma na mene ne, bangona dai bai tsage ba."

Da azahar ya tarar da Hudaifa a ƙarshen layin yana sauke buhunan siminti. Ya ba shi labari. Hudaifa ya yi dariya har ya zauna a kan buhu.

"Wayyo cikina! Shekara ashirin Larabawa na neman tsari da alamar shadda! Bawana, ashe malami ne kai ban sani ba. Ka yi mini laya kafin ka tafi."

"Ba abin dariya ba ne. Ashirin da huɗu na ƙarya ne, kuma ban san su ba."

"Kai da ka yi ba ka san naka ba? Ai ni ko a mafarki na ga filastar da na yi zan gane ta." Ya tashi ya duƙa gaban wata alama da ke kusa. "Kuma wannan ta yi kyau da yawa a ce aikin Badamagare ce. Dubi yadda ta tsakiya ta fito zar, ta fi sauran tsawo. Kai da wannan gundumin yatsan naka ina za ka iya?"

Maazou ya dubi hannunsa. Ya durƙusa a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa yatsu uku a cikin zanen. Na gefe biyu suka zauna. Na tsakiya ya tsaya, saura wajen gaɓa guda a sama babu komai. Ya tashi ya nufi alamar da aka haƙa jiya, kusa da mai gyaran waya. Ita ma haka. Ya tsallaka zuwa wani gida da yake da yaƙinin ya yi aiki a cikinsa a 2006. Can zanen tsakiya ya fi sauran gajarta a sama, yatsunsa suka shige kamar an auna su.

Maginan da suka kwaikwayi alamar ba su da laifi. An ce musu hannu ne, kuma kowa ya san yatsan tsakiya ya fi tsawo. Nasu hannun suka sa, ko kuma sun ɗauka kuskure ne suka gyara.

"Ka ga amfanin zama da Bakano," in ji Hudaifa.

Maazou bai koma wurin Yousef da baki ba, don bakinsa ya riga ya ba shi kunya sau biyu. Ya ari diga da shebur, ya auna taku uku daga alamar 2006, ya tuɓe rigarsa ta sama ya fara. Shekararsa hamsin da takwas, rabonsa da diga shekara huɗu. Yana yi yana hutawa. Bai kai tsawon kamu biyu ba bakin digar ya bugi wani abu mai tauri. Ya share rairayin da hannu, ga siminti. Ya ɗauki rodi ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta dawo kamar ta ganga.

Hudaifa ne ya je ya kira Yousef. Injiniyan ya sa aka huda murfin, ya ɗaura dutse a igiya ya zura. Igiya ta yi ta tafiya. Da ya jawo ya auna, mita huɗu da santimita saba'in. Ya leƙa da fitilar wayarsa, ya ga ƙarfen da ke cikin murfin ya yi tsatsa ya kumbura. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce, "Ya hajj, nuna mini hannun nan naka."

Ranar Juma'a ba aiki, amma bayan an sauko daga masallaci Yousef ya zo da gwangwanin jan fenti da littafinsa. Suka bi alamomin arba'in da ɗaya ɗaya bayan ɗaya. Maazou ya durƙusa ya sa hannu, in ya shiga ya ce, "Nawa ne," sai ya auna taku uku da ƙafarsa, ba da ta Hudaifa ba, don ta Hudaifa ta fi tsawo, Yousef ya zana jar da'ira a ƙasa ya rubuta lambar gidan. Mutanen layi suka biyo su ɗuu. Wanda aka ce tasa ta gaske ce sai ya yi murna kafin ya tuna ma'anarta. Wanda aka ce tasa kwaikwayo ce sai ya ɓata rai. Wani dattijo ya rantse da idonsa ya ga Maazou na yin tasa, sai da matarsa ta leƙo ta taga ta ce ƙarya yake, wani Bamisre ne ya yi a 2014.

Da la'asar suka gama. Goma sha shida.

"Saura ɗaya," in ji Maazou.

"Goma sha shida cikin goma sha bakwai, ai ka yi ƙoƙari," in ji Yousef. "Ƙila an rushe gidan."

"Ba a rushe rami."

Ya jero sunayen masu gidajen a bakinsa, yana lanƙwasa yatsu. Wanda ya rage shi ne na farko, gidan mijin Hajja Ilham. Alamar da ke gindin bangonta kuwa sun gwada, ta kwaikwayo ce.

Ranar Asabar da sassafe, masu filasta na kafa katakan hawa a farkon layi, Maazou ya tsaya a ƙofarta. Ya ce, "Hajja, wadda na yi da hannuna ina take?"

Ta nuna sama da haɓarta. A bisa ƙofar gidan, inda ake sa ayar Alƙur'ani, akwai wani guntun tsohon siminti da aka dasa a cikin bango aka zagaye shi da farin fenti. "Da za a fasa bango a yi garaji na ce kada wanda ya taɓa ta. Na sa aka yanko ta da kyau aka ɗaga ta. Abu mai daraja ba ya zama a ƙasa, kuliyoyi na goga jiki."

Aka kawo ganga, Hudaifa ya riƙe, Maazou ya hau ya miƙa hannu. Yatsun suka shige. Tasa ce, amma ba a wurinta take ba.

"A da ina take, Hajja?"

"Hagu da tsohuwar ƙofa in za ka fito. Ba na ma dubawa. In na fito sai in sunkuya in shafa ta da hannun hagu, ƙafata ɗaya na kan dokin ƙofa."

"Tsohuwar ƙofar fa?"

"An toshe ta tuni. Can dai wajen take." Ta yi nuni da hannu, nunin da ya haɗa rabin bangon.

Nan Hudaifa ya miƙe ya gyara hula. "Ku matsa, aikin ya zo hannun masu shi." Ya ɗauki ƙotar cokalin filasta ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Ya ce sabon bulo da tsoho ba sa taɓa zama ɗaya, ko an shafe su sau goma sai siririn tsagi ya nuna. Cikin minti goma ya zana tsohuwar ƙofar da alli, tsawo da faɗi. Aka tsayar da Hajja Ilham a wurin, ta juya baya ga bango, ta sunkuya ta miƙa hannun hagu kamar yadda ta saba. Hannun ya faɗa daidai gefen ƙofar garajin.

Maazou ya auna taku uku. Wurin ya faɗo a kan sawun tayar motar ɗanta, wadda ke shiga da fita nan kullum tun 2015. Da aka share rairayin, murfin ya tsage gida uku, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi. Yousef ya ce kowa ya ja da baya. Hajja Ilham ta leƙa daga nesa ta ce, "Shekara tara mota na bi ta kai bai rufta ba. Sannan ku ce mini ba tsari ba ne?"



Yousef ya ɗage zuwan rola da kwana biyar, ya rubuta wa kamfaninsa dalili. Daga Lahadi zuwa Laraba aka fasa murafen aka cike ramukan, tifa talatin da takwas na ƙasa da ɓaraguzai suka shiga. Maazou na tsaye a kan kowane har a gama. Ya roƙi masu filasta su tsallake alamominsa tukuna. Duk ramin da aka cike, sai ya ɗauki kurfi da guduma ya ja layi a gicciye a kan zanen ukun, sannan ya ce a shafe. Hudaifa ya ce aikin banza ne, tunda filasta za ta rufe. Maazou ya ce ba don masu kallo yake yi ba.

Ta ƙarshe ita ce ta bisa ƙofar Hajja Ilham, wadda ta ce duk wanda ya shafe mata ita sai ya bar layin. Yousef ya ce a bar mata. Ranar Laraba da yamma Maazou ya sake hawa gangar ya ja layin. Ta tambaye shi wannan kuma na mene ne. Ya ce, "Yana nufin an cike, babu sauran abin tsoro." Ta gyaɗa kai a hankali, ta sake maimaita maganar a bakinta.

Ranar Alhamis, 29 ga Fabrairu, ya hau mota da jaka biyu, da bargo, da kwalin dabinon Ghuddwa. Ya isa gida saura kwana biyu a fara azumi.

Bayan sallah Hudaifa ya kira shi a waya. Ya ce layi ya yi kyau, kwalta sumul, fitilu na ci, yara na yawo da keke. Sannan ya ce, "Amma bawana, ka bar ni da aiki. Gida shida sun zo wai in yi musu irin ta Hajja, mai layi a gicciye. Wai ta ce wannan ta fi ƙarfi, kai da kanka ka gaya mata."

Maazou na zaune a inuwar bishiyar bedi, jikarsa na wasa da gundumin yatsan. Ya gyara riƙon wayar ya yi tambaya.

"Akwai rami a gaban gidajen?"

"Ina fa rami, ai kai ka tsaya aka cike su."

"To, yi musu," in ji Maazou. "Mai layin ba ta ce akwai rami ba. Amma ka sa naka hannun, kada ka rage ta tsakiya."